Gonar da Yaya Ya Bar Mini

Ni mutum ne da ba ya iya zama shi kaɗai. Yanzu da furfura ta cinye mini gemu ina faɗar haka kai tsaye, amma da ƙuruciya gara a kira ni ɓarawo da a ji wannan magana daga bakina. Ba kura nake tsoro ba, ba aljani ba. Na taɓa sare kububuwa da fartanya ban ko ja da baya ba. Amma in na ɗaga kai na duba gabas da yamma ban ga kowa ba, ba murya ba tari, sai tsoro ya rufe ni. Sai in ji kamar mutane sun tattara sun yi ƙaura, ba wanda ya tuna da ni.

Na san inda abin ya samo asali. Garinmu ƙaramin gari ne mai ganuwa, tsakanin Bakori da Tsiga. A wancan zamani mahara sukan faɗo daga arewa su kwashi mutane da dabbobi, saboda haka kunnen kowa a tsaye yake. Wata rana da hantsi, ina ɗan yaro, muna gonar bayan gari ni da Inna, sai aka yi kururuwa wai ga ƙura can ta taso. Inna na goye da jaririya, ba ta iya gudu da mu biyu. Ta ɗaga ni ta saka a wani rumbu da ba komai a cikinsa, ta ja murfi ta rufe, ta ce ko me na ji kada in motsa. Na ji gudun mutane, na ji kukan awaki, daga nan ban sake jin komai ba. Aka rufe ƙofar gari, ba a buɗe ba sai bayan la'asar. Ashe ma ba mahara ba ne, garken shanu ne ya tayar da ƙura. Mutane suka sha dariya ranar, har aka yi wa wanda ya fara kururuwar waƙa. Ni ban yi dariya ba. Wanda ya fara fitowa da gudu ya ɗaga murfin rumbun nan, na ga fuskarsa da haske a bayanta, shi ne yayana.

Tun daga ranar na zama jelar Yaya. In ya tafi rafi ina bayansa, in ya zauna saƙa ina gefe ina kaɗa masa zare, in aka aike ni wani wuri sai in nemi dalilin da zai sa mu tafi tare. Mutanen gari suka ɗauka ƙauna ce kawai, suna ta sa mana albarka. Muka girma a gandun Baba, kafaɗa da kafaɗa, garmata kusa da tasa. Shi kaɗai na taɓa gaya wa gaskiyar abin da ke damuna. Muna noma ne a ranar, na riga na fara gemu, na faɗa masa kaina a ƙasa. Bai yi dariya ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kwantar da hankalinka. Muddin ina numfashi ba za ka wuni kai kaɗai ba." Na riƙe wannan magana fiye da yadda na riƙe karatun allona.

Da na yi aure ban gaya wa matata ba. Ta lura dai ni mai son hira ne, mai yawan leƙa madafa ba dalili, tana tsokanata wai ko gishirin miya nake gadi.

Baba ya rasu da rani, shekarar da matata ta sami cikin fari. Mu biyu maza ya bari, sai ƙanwarmu da aka fitar mata da rabonta a cikin dabbobi. Gonaki biyu ne suka rage a raba. Akwai ta bayan ganuwa, wadda daga cikinta kana jin daka da kiran salla, ga maƙwabta ta kowane gefe, amma ƙarama ce kuma ta gaji. Akwai kuma gonar daji, can ƙetaren rafi, wadda Baba ya sare da hannunsa. Wannan ita ce gona. Ƙasa baƙa, ga fadama a gindinta, ga ɗorawa da kaɗanya a tsaye. Sai dai in ka fita da fitowar rana ba ka isa sai hantsi, kuma ba gonar kowa kusa da ita.

Bayan sadakar arba'in aka zauna a zaurenmu, mai unguwa da liman da wasu dattawa. A al'adar garinmu, in 'yan'uwa za su raba abu, ƙarami ke rabawa, babba ya fara ɗauka. Ni kuwa na riga na yi shirina. Zan tsaga kowace gona biyu, kowa ya sami rabi nan rabi can, mu ci gaba da tafiya tare kamar da. Ban kai ga buɗe baki ba Yaya ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Allah gafarta malam, ina neman alfarma. Ni na yafe zaɓi. Bari ni in raba, ƙanena ya ɗauka. Kuma kada a tsattsaga gonakin tsoho, a bar kowace yadda take. Ga ta gida, ga ta daji. Ya ɗauki wadda ya ga dama."

Mai unguwa ya ce, "Kai, yaro, ka san abin da kake faɗa? Ta dajin nan ai ta haɗiye ta gida ta nemi ƙari."

"Na sani, Baba. Ni ina da saƙa, ko ba gona ba ni kwana da yunwa. Shi ko ga iyali na tafe."

Zaure ya ɗauki kabbara. Liman ya ce lalle babban wa magajin uba. Duk idanu suka dawo kaina. To me zan ce? In na ɗauki ta gida, sai an tambaye ni dalili, don ba mai hankalin da za a miƙa wa bijimi ya ce shi ɗan akuya yake so. Dalilin kuwa ba ya faɗuwa a gaban dattawa. Na dubi Yaya. Ya yi mini murmushi, ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ɗauki mana. Ai ina nan." Na ɗauki gonar daji. Na fita daga zauren nan ina ganin ba wanda Allah ya yi wa ɗan'uwa irin nawa.

Da ruwa ya sauka Yaya ya raka ni shuka, shi da sungumi ni ina binsa da iri. Daga nan ƙafarsa ta ɗauke. Yau zare ya tsinke, gobe fatake na jiran zane za su Maska, jibi tasa gonar na neman hannu. Ban zarge shi ba. Matata ta riƙa kawo mini fura tana ɗan zama, ni kuma ina jan ta da hira har rana ta karkata. Sai cikinta ya tsufa, iyayenta suka zo suka tafi da ita goyon ciki kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Lokacin kuwa ciyawa ta taso, noman firi, wato noman farko, ya kama.

Ranar farko da na je ni kaɗai, ban nome ko rabin kunya ɗaya ba. Na sunkuya ina noma, na ɗago don in share gumi, sai shirun nan ya faɗo mini. Ban san lokacin da na yar da fartanya ba. Na tsinci kaina a bakin rafi ina haki, ƙaya ta yayyage mini ƙafa. Na shiga gari na ce zazzaɓi ne. Washegari ma haka. Na kwanta a zaure ina jin mutane suna wucewa gona, ina jin haushin kaina kamar in mutu.

Yaya ya zo duba ni. Ya zauna, ya ce, "In ta fi ƙarfinka kada ka kashe kanka. Bar mani ita in riƙe maka bana. Ka zo mu yi ta gida tare, in ba ka abin da za ku ci."

Wallahi saura kaɗan in kama hannunsa in yi godiya. Abin da ya tsayar da ni shi ne na san yadda aron gona yake ƙarewa. Bana aro, baɗi aro, shekara ta uku kowa ya manta mai ita, wanda guminsa ke ciki shi ake sani. Na tuna yaron da ke tafe, na ga zai tashi ubansa na cin tuwo a hannun wani. Na ce, "Bari in ƙara gwadawa, Yaya." Ya ce to, Allah ya taimaka. Har a lokacin ban kawo komai a raina ba.

Kwanciyar nan ta yi mini amfani guda, don na zauna na dubi abin da ke korata daga gonar. Na lura duk ranar da wani haɗari na gaske ya taso, hankalina a kwance yake. Birai sun taɓa faɗo wa gonar, na kore su da jifa ina zaginsu, ko gezau. Ashe ba abin da ke cikin daji nake gudu ba. Zuciyata ce ke gaya mini gari ya watse, ba kowa a duniya sai ni. To in haka ne, abin da nake bukata shi ne shaidar cewa mutane suna nan.

Na fara neman shaida. Akwai wani tudu a gefen gonar, in ka hau kana hango hayaƙin garinmu. Da abin ya taso sai in hau in tsaya har in ga hayaƙi, in ce wa kaina ga shi can wata na dafa wake. Na ari jaki wurin surukina na riƙa ɗaure shi kusa da inda nake aiki. Jakin nan malalaci ne, ga cizo, amma yana numfashi yana kaɗa kunne, kuma ban taɓa jin daɗin kukan jaki ba sai a shekarar. Na gane lokacin da matan Fulani ke wucewa da ƙoren nono ta wata 'yar hanya can nesa, na riƙa ajiye aikin gefen hanyar sai lokacin. Sannan na yi wa kaina doka: in tsoro ya zo ba zan hana shi zuwa ba, amma ba zan gudu ba sai na kai ƙarshen kunyar da nake kai. Sau da yawa kafin in kai ƙarshe ya sassauta. Wani lokaci bai sassauta ba, in kai ƙarshe in gudu abina, in dawo washegari.

Abin da ya fi taimakona kuwa, yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Hira nake da Yaya. Ina noma ina magana da ƙarfi kamar yana kunya ta kusa da ni. "Yaya, ka ga dawar nan kuwa? Yaya, anya ruwan nan zai kai yamma?" In ba shi labari, in ba kaina amsa da irin muryarsa. Da haka na gama firi, na yi maimai, na yi huɗa. Ciyawa ta ci wani yanki na gonar, amma mafi yawanta ya tsira. Matata ta haifi namiji. Dawa ta yi kai, ta fara sunkuyawa.

Ana gab da girbi, wata rana da azahar, wani dattijon Bafulatani ya ratso gonar da sandarsa a kafaɗa. Na san shi sama-sama, yakan sauka da shanunsa a yankinmu. Yadda ake yi shi ne, bayan girbi mai gona yakan yi magana da makiyayi ya zauna masa a gona da rani, shanu su ci kara su bar taki, a ba shi dawa. Na yi murna da ganin mutum, na tare shi da ruwa. Ya sha, ya zagaya yana duba inda zai kafa bukka da inda zai ɗaure maruƙa, kamar wanda aka riga aka gama magana da shi.

Na ce, "Baffa, wa ya ce maka ka zauna a nan?"

Ya ce, "Mai gonar mana. Masaƙin nan na cikin gari. Kai ɗan ƙodagonsa ne?"

Na ce ina dai aiki a nan. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba.

Ya ce, "Ai tun da rani muka yi magana, tsohonsu bai daɗe da rasuwa ba, ko sadakar arba'in ba a yi ba. Na ce mashi, kai Kaɗo, ba ku raba gado ba kana ba ni gona? Ya ce kada in damu, ko ƙanensa ya ɗauka ko bai ɗauka ba, kafin kaka gonar na hannun shi masaƙin." Ya yi dariya har yana dafa sanda. "Wai ƙanen nasa ƙato ne mai gemu, amma ba ya iya wuni shi kaɗai. In ya waiga bai ga mutum ba sai ya zubar da fartanya ya ruga kamar ɗan maraƙin da aka raba da uwa. Ka taɓa jin irin wannan? Allah mai halitta iri-iri."

Na taya shi dariya. Har yau ina mamakin yadda dariyar ta fito. Ya yi sallama ya tafi, na zauna a gindin ɗorawa, ban ji tsoro ba ko kaɗan, don ba wurin da tsoro zai zauna. Abin da na faɗa wa mutum ɗaya tak a duniya, kaina a ƙasa, shi aka ɗauka aka auna gona da shi. Bai tsaya nan ba, har ya zama abin hira da baƙo a bakin ruga. Na bi zaman zauren nan daki-daki, yafe zaɓin, hana tsaga gonaki, murmushin, "ai ina nan." Ko ta ina na juya, a hannunsa zan faɗa.

Na iske Yaya a bakin masaƙarsa, ƙafafunsa a rami, yana jefa ƙoshiya. Na tsaya a kansa na gaya masa abin da na ji. Na so ya musa. Da ya rantse ya ce ƙarya ne, da na yarda, don ina neman abin da zan yarda da shi. Bai ko tsayar da saƙar ba.

Ya ce, "To, ai ga shi ka noma. Me ya rage?"

Na ce, "Yaya, kai ka ce muddin kana numfashi."

Sai ya ajiye ƙoshiyar. Ya ce, "Na faɗa. Kai ka taɓa tambayata yadda nake numfashin? Tun kana ɗan mitsitsi nake jan ka. Ban taɓa zuwa Maska na kwana ba saboda kai. Abokaina sun bi fatake sun ga duniya, ni ina nan ina gadin ƙato. Baba ya sare gonar nan ina bayansa ina kwashe itace, kai kana maƙale da rigata. In na ce ita ce ladan wahalata, na yi ƙarya?"

Na ce, "Da ka roƙe ni da na ba ka. Wallahi da na ba ka duka."

Ya ce, "Na sani. Da ka ba ni, ka biyo ni cikinta."

Ya ɗauki ƙoshiyarsa ya ci gaba. Akwai gaskiya a maganarsa, ban ce babu ba, na kuma juya ta a raina shekara da shekaru. Amma mai gajiya yakan ce ya gaji. Ba ya sa a yi masa kabbara a zaure.

Washegari na koma gona. Tsoron ya zo a lokacinsa, na buɗe baki in yi hirar da na saba, na rasa da wa zan yi ta. Ranar na fi kowace rana shan wuya. Na hau tudu na sauko ban san iyaka ba, na rungume wuyan jakin nan har ya cije ni a kafaɗa. Amma ban gudu ba, don na san in na gudu inda zan faɗa. Haka na yi girbin, da haƙora a cije. Na nemi Bafulatanin nan na gaya masa ni ne mai gonar, ni ne kuma ƙanen. Ya rufe baki da hannu, ya kasa kallona. Na ce ya zauna mini da rani, ni zan ba shi dawar.

Surukina ya tara mini samari muka kwaso amfanin. Jakuna suka yi ta shiga ƙofar gari da dammuna, mutane na tsaye suna kallo. Rumbuna ya cika har na nemi aron wani. Ina cikin jera dawa sai ga mai unguwa da liman, fuskarsu cike da fara'a.

Mai unguwa ya ce, "Ka ga abin da ɗan'uwanka ya yi maka? Shi ga shi can da 'yar gonar da ba ta cika rumbu ɗaya ba. Ɗauki dami mai kyau, mu raka ka ka yi mashi godiya. Yaro ba ya cin alheri ya share baki."

Na tsaya da dami a hannu. In na ce ba ni zuwa, na zama butulu a idon gari, ɗana ya tashi da sunan. In na faɗi abin da ya yi, sai na faɗi abin da ya sa ya yi tsammanin zai ci nasara, kafin magariba yara su yi mini waƙa a dandali. Ya san haka, ni ma na sani.

Na zaɓi dami mafi girma na ɗora a kai. Muka tafi, dattawa a gaba ina biye, mutane na ta ƙaruwa a bayanmu. Muka same shi a ƙofar gida. Na sauke damin a gabansa, na tuɓe takalmi, na durƙusa har ƙasa.

Na ce, "Yaya, na gode. Allah ya saka maka da abin da ka yi mani."

Kowa ya ce amin. Ya miƙo hannu ya dafa kaina. Ya ce, "Haba, tashi. Ai ɗan'uwa rabin jiki ne."

Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Na ga wani tsoho a gefe yana share hawaye da bakin rawaninsa.